Wasan Kaka da Inna Mai Nono

Kakata Babarbariya ce. Tana ƙarama aka kawo ta Kibiya, har ta manta yarensu in ban da ƙirge da zagi guda biyu, amma zanen da ke kumatunta bai bari kowa ya manta asalinta ba. Wadda ta fi kowa tuna mata kuwa ita ce tsohuwar Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wata ruga ta wajen Fammar. Mu yara Inna muke ce mata.

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowanne cewa yake ɗayan bawansa ne. Sallamar Inna gajeriya ce. Tun daga zaure za ka ji ta ɗora:

"Ina baiwar nan tawa? Ba za ta zo ta sauke ni ba?"

"Ji min ɓarauniya," in ji Kaka, tana lalubar takalmi. "Kin tatso shanun ubana, kuma kin zo ki sayar min?"

"Ubanki ko akuya ya taɓa ɗaurewa? Matso da kwano, mai fuska kamar an yi huɗa."

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira ni sau biyu nake ɗaga kai. Bayan turmi nake zama ina kallonsu. Na lura in Inna za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu, awarwaronta su zubo har gwiwar hannu. Kaka ba ta da wata ƙawa sai ita. Sa'o'inta duk sun rasu, kuma mutanen gida ladabi kawai suke mata. Inna kaɗai ke zaginta.

Shekarar da na shiga aji biyu na sakandare a Rano, mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, an kuma ƙaddamar da shari'a, kowa bakinsa ya buɗe. A lokacin girbi shanun wasu Fulani suka shiga gonar waken wani mutum ta wajen Madachi. Dagaci ya zaunar da mai gonar da masu shanun aka sasanta, amma wasu samari a garinmu suka ce ba su yarda ba, suka kafa ƙungiya wai ta kare gonaki. Suka samo lasifika, suka ɗaure ta da robar tayar keke a kan baro, da batirin mota a ƙasanta, suna turawa unguwa unguwa.

"Kada wanda ya ƙara sayen nononsu! Ɓarayi ne, daga tsohonsu har na goye! Sallarsu ma ba salla ba ce!"

Mai riƙe da abin maganar ɗan maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Babana ya je wajen mai unguwa. Da ya dawo na ji yana gaya wa mahaifiyata amsar da ya samu: "Malam, magana ce kawai suke yi. Yanzu ba lokacin soja ba ne, wa zai kama bakin wani?"

Kaka kuwa ko a jikinta. Da baron ya wuce ta ƙofar gidanmu ta karkata kunne, ta taɓe baki ta ce, "Yaran nan ba su iya wasa da Fulani ba. Babu gishiri." Ita a wajenta duk wanda ya zagi Bafulatani tsokana yake, don ba ta san wani irin zagin ba.

Da aka yi hutu, ranar kasuwa ta ce in rako ta in riƙe mata kwando. A gindin tsamiyar da masu nono ke zama a jere, ran nan su huɗu ne kacal, sun matsu da juna, kowacce ta dafe faifan ƙwaryarta. Baron samarin yana can kusa da rumfar mahauta. Inna ta hango mu. Ba ta rufe baki da hannu ba. Ta sunkuyar da kai, ta girgiza shi kaɗan, sau ɗaya. Na gani, na kuma gane abin da take nufi. Hannun Kaka yana kan kafaɗata, kalma ɗaya ta isa in hana ta wasan. Na buɗe baki, na ga mutane da yawa, na rufe.

Kaka ta ɗaga murya iya ƙarfinta, tana murna:

"Jama'a ku tare min ɓarauniyar nan! Shanun ubana ta kora, shekara da shekaru ina nemanta!"

Mai gishiri da mai daddawa suka yi dariya, don sun saba ji. Sai lasifika ta yi shiru. Sannan ta yi ƙara, muryar ɗan maƙwabcinmu ta fito:

"To kun ji! Ba mu muka faɗa ba. Hajiya ce guda, da furfurarta, ta ba da shaida!"

Ya san wasa ne. Tun yana rarrafe yake jin wasan nan ta kan katanga. Wannan ne abin da har yau ya tsaya min a rai.

Ban ga wanda ya fara shuri ba. Na dai ji ƙarar fashewar ƙwarya, na ga nono yana bin ƙasa yana zagaye takalman mutane, curin man shanu yana gangarawa yana kwasar yashi. Sauran matan uku suka watse. Inna ba ta iya gudu. Wani ya fizge mata ɗankwali, na ga kanta fari fat, ashe ban taɓa ganin gashinta ba. Kaka ta saki kafaɗata tana kutsawa.

"Wasa ne! Kai ɗan nan, don Allah, ka sani wasa ne!"

"Hajiya, kada ki ji tsoro," in ji shi, ta cikin lasifika. "Yanzu kowa yana da 'yancin faɗar gaskiya."

Wani dattijon mahauci ne ya fito daga rumfa da jini a hannu ya tsaya a gaban Inna, wasu manya suka taya shi tsawa, samarin suka ja baronsu suna dariya. Inna ta ɗauki ɗankwalinta ta kakkaɓe, ta ɗaura. Ta tsinci rabin ƙwaryar, ta duba, ta ajiye. Ba ta kalli Kaka ba.

Kwana biyu Kaka ba ta taɓa tuwo ba. Babana ya hau keke har rugar ya ba da haƙuri, 'ya'yan Inna suka shimfiɗa masa tabarma, suka ce ba komai.

Sai bayan mako uku muka ji sallama a zaure, cikakkiya, har da wabarakatuhu. Inna ce, ba ƙwarya a kanta. Ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Hajiya, ina kwana. Ina gajiya. Yaya iyali?"

Kaka ta yi ta kallonta. Sannan ta ce, "Ke baiwa..."

"Hajiya, a bari," in ji Inna a hankali. "Kunnuwa sun yi yawa yanzu."

Ta ce 'ya'yanta sun hana ta shigowa gari, yau ma roƙonsu ta yi su bar ta ta zo neman gafara, ko ta taɓa faɗar abin da ya ɓata wa Hajiya rai. Kaka ta ce ita ce mai neman gafara. Suka yafi juna kamar baƙi biyu da suka haɗu a gidan rasuwa.

Kaka ta ce za ta taka mata. Na bi su a baya, nesa kaɗan. Suka wuce masallaci, suka wuce injin niƙa, har bakin gonaki. A nan Inna ta ce, "Hajiya, ki koma haka, rana ta yi." Kaka ta tsaya. Ni ma na tsaya.