Ranar da Inna ta kira sunana

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk wanda ya ci jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare ya gama da duniya, na sauka a tashar Adjamé da jaka ɗaya da takarduna cikin leda. Iyayena sun daɗe da ƙaura zuwa Abidjan, mahaifina yana sarin albasa daga Nijar. Ni kuwa ɗan fari ne, tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a hannunta na girma a Maradi. Sai da ta rasu aka ce in tattaro in zo gida.

Gida dai sunansa gida. Ɗaki biyu ne na haya a Williamsville. Ƙannena uku da Faransancin titi suke hira, in na sa baki da nawa na littafi sai su kwashe da dariya, su ce farfesa ya yi magana. Mahaifina kullum yana hanya da motocin albasa. Mahaifiyata kuma kunyar ɗan fari ta hana ta ko haɗa ido da ni, balle kiran sunana. Sai dai ta ce wa ƙanwata, "Miƙa wa ɗan tsohuwa tuwonsa." A bakin ƙofa nake ci, ni kaɗai. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, ga mutane cike da gida.

Abin da ya riƙe ni shi ne wata makarantar koyon aikin lantarki a Treichville da ta ɗauke ni. Kuɗinta kashi biyu ne. Wanda yake zaune a ƙarƙashin iyayensa a ƙasar, ana yi masa ragi, har ya nemi tallafi. Wanda ya zo daga waje don karatu kawai, ya biya duka. Mahaifina bai ɓoye mini ba, ta waya ya ce, "In ba a samu ragin nan ba, sai ka zo mu ɗauki buhu tare."

Matsalar ita ce duk takarduna na makaranta sunan kakata ke kai a matsayin mai riƙona, da adireshin Maradi. Matar da ke karɓar dosiye, wato takardun neman shiga, ta ce abu mai sauƙi ne, in kawo ɗaya daga cikin iyayena da katin zamansa, ya tabbatar. Juma'a za a rufe.

Ran Litinin na tafi da Inna. Matar ta ga ba ta jin Faransanci, sai ta juya Julanci, yaren cinikin garin, wanda Inna ta iya a kasuwa. Ta nuna ni da alƙalami.

"Mama, wannan ɗanki ne?"

Inna ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. "Na tsohuwa ne," ta ce.

"Tsohuwa wace? Ina take?"

"Ta Maradi."

Na yi ta bayani, har da rantsuwa, cewa al'ada ce, a wurinmu uwa ba ta nuna ɗan fari. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta turo mini dosiyena ta ce, "Mon petit, yarona, ni abin da ta faɗa na ji. In naka ne gaskiya, ta faɗa da bakinta."

Muka hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, muka kama hanyar gida. Da muka sauka a tashar Roxy na kasa haɗiyewa, na ce, "Inna, tsohuwa ta mutu. In ba naki ba ne ni, na wane ne?" Sai ta tare woro-woro, tasin haɗaka, ta shiga.

Kwana uku ina fita da sassafe, in je in zauna a harabar babban masallacin Treichville har la'asar, ina kallon masu zuwa makaranta. Wai fushi nake, na daina cin tuwon gida. Fushin dai bai hana ni cin garba, garin rogo da soyayyen kifi, a ɓoye ba.

Ran Juma'a ina ɗaura takalmi, sai ga Inna a tsaye da mayafinta na zuwa biki. Ba ni ta kalla ba, bango ta kalla. "A ɗauko takardun nan," ta ce.

Ofishin cike yake da ɗalibai da iyayensu. Da layi ya zo kanmu, tun kafin a tambaye ta, Inna ta ajiye katinta a kan tebur. Ta ce ni ɗanta ne, ita ta haife ni, a ɗakinta nake kwana. Sannan ta kira sunana, sunan yanka, cikakke.

Shekarata sha tara, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Wallahi a lokacin na manta da ragi, na manta da tallafi. Addu'a ɗaya nake yi a raina, Allah ya sa matar nan ta ce ba ta ji ba, a maimaita. Amma kunnenta ƙalau, ta buga hatimi ta ce na gaba ya matso.

Na yi karatun, na gama, yau da shi nake ciyar da iyalina. Na daɗe ina ɗauka kunyar nan rashin so ne, sai daga baya na gane abin da ta sauke a gaban baƙi saboda ni.

Inna tana nan a Williamsville, ta tsufa. In na kira ta a waya, har yanzu sai ta ce wa jikokinta, "Ku rage surutu, ɗan tsohuwa ne." Ba ta sake kiran sunan ba, ni ma ban sake nema ba. Sau ɗayan nan nake ta lallaɓawa.