Sojojin Yumɓu da Randar Innata

Ni dai bokona a aji uku ya tsaya, kuma ba don na ƙoshi ba, malamin ne ya gaji. Saboda haka duk wanda ya ga kuskure a tarihin ƙasar Sin da zan kawo nan, kada ya kama ni. Ya je ya kama jikata, ita ta koya mini, ita kuma malamarsu ce ta koya mata.

Jikar nan tawa sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina ba ya iya kama sunan, Uwata nake ce mata. Tana aji biyar a firamaren garinmu, nan ƙasar Sule Tankarkar. Wata rana ina kishingiɗe a zaure ta faɗo, sallamar ma rabi ta yi.

"Tsoho, malama ta ce kowa ya kawo tsohon abin da aka daina amfani da shi."

Na ce, "To ga ni. Ɗauke ni."

"Binnewa fa za a yi."

"A'a, to dakata tukuna, ban gama shiri ba."

Ta ɗauki wata hudajjiyar butar ƙarfe ta tafi. Sai daga baya na ji kan zancen. Malamar tana binne tarkacen a rairayin bayan aji, ta ba yara cokula da tsintsiya su tono a hankali, sa'an nan su faɗi wane irin mutane ne suka bar kayan. Wai haka masana suke gano tarihin waɗanda suka shuɗe. Abin da ya jawo wannan kuwa labarin wani sarkin Sin ne, tun kafin zuwan Annabi Isa, wanda ya sa aka gina masa sojoji na yumɓu, dubbai, har da dawakai, kowane soja da irin fuskarsa, aka binne su kusa da kabarinsa don su tsare shi. Duniya ta manta da su, sai da wasu manoma suka zo haƙa rijiya suka ci karo da kan mutum na ƙasa.

Uwata ta ba ni labarin tana zaro ido. Na ce mata ban yarda ba. Mutanen da suke yi mana tocilar da ba ta ganin watan gobe, su ne za su yi abin da zai kwana a ƙasa tun kafin Annabi Isa bai narke ba? Ta ce ai malama ta nuna musu hoton a waya. Na ce wayar ma ai tasu ce.

Wasa nake yi da ita, amma zancen rijiyar nan ya zauna mini a ƙirji. Su sun haƙa neman ruwa sun sami sojoji. Mu mun haƙa, ko ruwan ba mu samu ba.

Ba a garin nan aka haife ni ba. Akwai kufai arewa da mu, tafiyar da ko tsoho zai yi kafin rana ta yi zafi, nan ne garinmu na asali. Ina ɗan yaro mai bin awaki rijiyarmu ta ƙafe. Aka haƙa wata ta rufta, aka sake wata har mai haƙa ya daina jin muryar na sama sosai, babu ko danshi. Sai gari ya watse, gida bayan gida. Babanmu ya kwashe mu zuwa Gagarawa Tasha lokacin jirgin ƙasa yana da rai, yana dakon buhunan gyaɗa. Can Inna ta rasu. Ni kuma na girma na shiga dillancin dabbobi a Maigatari, na yi rantsuwa a kan tsofaffin awaki cewa 'yan shekara ne har gemuna ya yi fari, Allah ya yafe mana. Da ƙarfi ya ƙare na dawo kusa da gida.

Da na dawo ɗin na je kufan, ina zaton ƙafata za ta kai ni ƙofar gidanmu ko da idona a rufe. Na tarar da fili fetal. Kukar da muke kwatance da ita ta faɗi ta ruɓe, rairayi ya cike ramin rijiyar, sai sabara da tumfafiya da kashin shanun makiyaya. Ɗakunanmu dama na kara ne da ciyawa, ba sa barin shaida. Na yi ta zuwa shekara da shekaru, in tsaya nan in ce nan ne, in matsa gaba in ce a'a, can ne. Yayana da zai raba gardama ya riga mu gidan gaskiya. Ba wani abu nake nema ba illa in san inda ɗakin Inna yake, in zauna a wurin sau ɗaya ina sane. Ga shi kuma a bazarar nan ɗan mai filin da kufan yake ciki yanzu ya ce zai kawo tarakta kafin ruwa ya sauka, ta juye wurin gaba ɗaya a shuka gero.

Ban san Uwata ta kai wannan zance makaranta ba sai da na ga malamar a ƙofar zaure. Yarinya ce 'yar Gumel, ba ta fi sa'ar autata ba, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata.

"Baba, an ce kuna da kufai."

"Muna da shi, 'yata. Amma tun yanzu in gaya miki, sojoji babu. Mu ko na gaske ba mu taɓa ajiyewa ba."

Ta yi dariya. "Ba sojoji nake nema ba, Baba. Yaran nan sun gane ni nake binne kayan. Jiya wani ya tono cokali ya ce na gidansu ne, in ba shi ya mayar kafin a neme shi. So nake su tono abin da ba ni na sa ba."

"To in an sami doki na yumɓu nawa ne."

"Naka ne, har da linzami. Ina maƙabartar garin take? Kada mu kusance ta."

Na ce tana gabas can nesa, har yanzu an san ta, ba a noma wurin. Na ɗan ja rai kamar mai shawara, irin ta dillalai, alhali zuciyata ta riga ni isa can. Mai unguwa ya yarda, ɗan mai filin ma ya yarda, ya ce in an tono zinariya a tuna da shi.

Muka fita da sassafe, yara riƙe da cokula da tsintsiya da rariyar tankaɗe da suka aro daga iyayensu mata. Da muka isa malama ta ce in nuna inda gidaje suke. Na nuna gindin wata sabara. Na sake dubawa na nuna gaba da ita. Na juya na nuna yamma.

Wata yarinya ta ce, "Baba, gidan naku yawo yake yi?"

Na ce, "Fulani ne maƙwabtanmu, a wurinsu ya koya."

Malama ta ce a gwada duk wuraren. Ta kafa turaku ta ja igiya gida-gida kamar dara, ta ɗaure ƙasa sai ka ce guduwa za ta yi. Kowane gida yara biyu ko uku. Ta hana fartanya. Ni da na ga ana haƙa da cokalin shayi na ce lallai mutanen Sin suna da lokaci.

Amma ƙasa ta fara magana. Aka sami toka baƙa a wani rami, malama ta ce, "Wannan me ya gaya muku?" Suka ce an yi girki. Aka sami guntun dutsen niƙa, da wani ɗan dutsen ado shuɗi irin na wuyan mata, da tsingaro, fasassun tukwane ke nan, ba iyaka. Duk wanda ya tono guntu sai ya rugo wurina.

"Baba, wannan ta gidanku ce?"

In karɓa, in juya, in kai kusa da ido, har sansanawa na yi. Tukunya dai tukunya ce. Matan garinmu duk a hannun maginiya ɗaya suke saye, murhun kowa duwatsu uku ne, tokar kowa toka ce. Sarkin Sin ya sa an yi wa kowane soja fuskarsa, mu kuwa talakawa ko tukwanenmu kamarsu ɗaya. Nan na gane ko an tone filin nan kaf ba ni da abin da zan ce ga shi, wannan namu ne. Na koma inuwar wata aduwa na zauna. Na daina tsokanar kowa, har yara suka lura suka daina kawo mini.

Rana ta fara ɗagawa sai na ji muryar malama ta sauya.

"Kowa ya ajiye cokalinsa. Ku matsa baya. Baba, don Allah zo."

Ramin su Uwata ne, wanda ke can yamma, wurin da na nuna na ƙarshe ba da wani yaƙini ba. Sun share rairayi a kan wani babban abu mai doro. Rabin randa ne, a kife, an ajiye shi da hannu, ba faɗuwa ya yi ba, ga wani rabin an jingina a gefensa ya rufe baki. Ni da malama muka dubi juna. Mun tuna da maƙabartar manya, mun manta da ƙanana. A zamanin da, jariri in ya koma ba a kai shi bayan gari. A bayan ɗakin uwarsa ake sa shi, a kifa masa fasasshiyar tukunya don kada ƙasa ta taɓa shi.

Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Leɓen randar ya ɗan fito, an dangwale shi da yatsa a jere tun yumɓu yana ɗanye, aikin da maginiyar garinmu ba ta yi. Ƙasa da leɓen ga tsaga, ga 'yan huji biyu-biyu a gefenta, da tsatsar wayar da aka ɗinke ta da ita.

Randar Inna ce. Daga garinsu ta zo da ita, can ƙasar Damagaram, a kan jaki, kuma a hanyar ta tsage babanmu ya ɗinke. A cikinta muke shan ruwa, mai sanyi kamar na ƙasan rijiya. Daminarmu ta ƙarshe a garin, Inna ta haifi 'ya mace, ba ta daɗe da suna ba ta koma. Aka nemi abin rufewa aka rasa mai girman da zai isa. Babanmu ya tuntsurar da ruwan randar, ya sa bayan gatari ya raba ta biyu. Ina tsaye ina kallon ruwan yana bin ƙasa, a garin da ake kwana a bakin rijiya. Inna tana cikin ɗaki, ta ji ƙarar. Har ta rasu ba ta sake ajiye randa ba, a tulu muke sha.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Malama ce ta gaya wa yaran gaskiya, a taƙaice, ba ta tsorata su ba. Can wani ya ce, "Malama, su mutanen Sin da suka tarar da sarkinsu ba su ci gaba da tono ba?"

Ta ce, "Sojojin suka tono. Shi kabarin sarkin har yau ba su buɗe shi ba."

Na share fuska da hannun riga na ce, "Ashe dai sun san ya kamata. Na yafe musu tocilar."

Da hannu muka mayar da ƙasar, ba da cokali ba, yaran suna ɗebowa suna zubawa a hankali. Muka yi addu'a. Uwata tana ta kuka wai ita ta taɓa, na ce mata ba ta yi laifi ba, gaisuwa ta kai.

Sa'an nan na miƙe na tsaya a gefen wurin, sai gidan ya tashi a idona gaba ɗaya. In nan ne bayan ɗaki, to ga ɗakin, ƙofarsa tana duban yamma. Ga inda turmi yake, ga rumbu, ga turken akuyar da take cin zanen shanya, ga hanyar da Inna take fitowa da ƙwarya a ka. Na bi ina nunawa da sanda, yara suna biye da ni suna kauce wa bangon da ba sa gani. Malama ta cire turakunta ta ba ni, na kafa su a kewayen ɗakin da ɗan kabarin.

Da yamma na je wurin ɗan mai filin. Ya ce, "Baba, ina rabona na zinariya?" Na gaya masa abin da aka samu. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai faɗa wa direban tarakta ya zagaye. Na ce ban yarda da direba ba, mutumin da ke zaune a sama ba ya ganin ƙasa. Ranar da aka zo huɗa na tafi da tabarmata na zauna a tsakiyar turakun, tarakta ta yi ta kewaya ni tana huci, direban yana ɗaga mini hannu.

Sauran tsingaron da dutsen niƙan suna makaranta, an jera su a kan benci kusa da hoton sojojin Sin. An ce masu zuwa kallo sun fi tsayawa a kan namu, amma Uwata ce ta faɗa, kuma ita ba shaida ba ce.

Bana gero ya yi kyau a kufan, ya fi ni tsawo, in na shiga ba mai ganina. Ina zuwa duk ran da gwiwa ta ba ni izini, in zauna a inda gadon karan Inna yake. A da ina ganin ɗakin nan ya ishi duniya, mu huɗu muke kwana a ciki har da kaji. Yanzu in na jingina na miƙe ƙafa, sai in ga ƙafar ta fita ta ƙofa.