Ranar da Maƙwabcina Ya Ara Mini Wayar Majigi

Kwangilar injinan feshi ce ta damina guda, ta manoman Danko da Mahuta da Sakaba. Mu biyu ƙungiyarsu ta kira mu nuna kayanmu a majigi, ni da maƙwabcin shagona, wani ɗan ƙabilar Ibo haifaffen Zuru.

Na sa aka tsara mini hotuna a kwamfuta, shuɗi mai duhu da ƙananan rubutu, kuma a cikin shagona sun yi kyau ƙwarai. Shi kuwa tun ana gobe taro ya je ɗakin taron da tsakar rana ya gwada majigin. Da ya ga tagogin ba labule, sai ya mayar da shafukansa farare da manyan baƙaƙen haruffa.

Da aka kira ni, wayar majigin ta ƙi shiga kwamfutata. Maƙwabcin nawa ya zaro tasa daga jaka ya miƙo mini.

"Alhaji, sa wannan, kada su gaji da jira."

Na karɓa ina murmushi. Hasken rana ya cinye hotunana, har wani dattijo a baya ya ɗaga murya: "Alhaji, wanga injin ne ko tulu?" Aka kwashe da dariya. Nasa kuwa har na bakin ƙofa suna karantawa, yana ƙara musu bayani da C'lela, harshen mutanen yankin.

Injinana sun fi nasa ƙarko, har yau ina faɗa. Amma shi ya tafi da garuruwan uku, ni na tsira da tsofaffin masu sayayyata kawai. Duk daminar, in motar kaya ta tsaya a ƙofarsa, sai in juya kujerata.