Yadda jakin kakan mamana ya fitar da ni daga kariyoba

Makin A na ci, jama'a, A! A kwas ɗin da ya taɓa kayar da ni ƙasa warwas.

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe, lakcaranmu na tarihi ya ba da asamen: yadda barikokin sojan Turawa suka raya garuruwan bakin teku. Ni kuwa ruwan da na sani a duniya kogin Ngadda ne da madatsar Alau. Idan na sake faɗuwa, abokaina su tafi bautar ƙasa su bar ni. Sai na kwafo daga intanet na miƙa, ina jin kaina gwani.

Lakcaran ya karanta layi biyu ya ɗago. "Malam, ka taɓa ganin teku?" Na ce a waya. Ya ce kwana uku, in kawo nawa na kaina.

Mamana ta ce in je unguwar Shehuri wajen kakata. Na faɗa ɗakinta a tsaye, na danna rikodin a waya na ce, "Kaka, ba ni labarin bariki." Ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da zuba turare a kasko. "Ɗan jarida, a gidanku haka ake tambayar manya?"

Washegari na dawo da goro, na cire takalmi, na zauna a ƙasa. Aka shiga gaisuwa: wushe, wushe, gajiya, mutanen gida, har ƙafata ta yi sanyi. Sannan ta buɗe baki.

Ta ce babanta da jaki yake kai ruwa barikin sojan Turawa na Maifoni. Masu ƙosai suka biyo shi, mahauta suka biyo masu ƙosai, rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya zama unguwa. "Soja ba ya cin bindiga, mijina. Cire jakin ka sa kwalekwale, ga tekunka nan."

Da wannan idon na koma littattafan, na ga duk garuruwan haka suka tashi. Lakcara ya karanta ya ce, "Wa ya koya maka?" Na ce wata farfesa a Shehuri.

Kaka ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Rikodin na farko, mai faɗan, shi ne kawai na ajiye, don rana ta biyu na manta da waya a aljihu.

Ku tura wa duk wanda kakarsa ke raye.