Anti Rifkatu ba ta koma wa kwalba ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar Anti Rifkatu, kuma har yau idan na tuna da ita ba fuskarta nake fara gani ba, hannunta nake gani a cikin robar gishiri. Ranar girkinta ce. Ta ɗanɗana miyar kuka ta ƙara gishiri, ta sake ɗanɗanawa ta ƙara. Da ta kai hannu karo na uku na riƙe ta na ce, "Anti, kashe mu za ki yi?" Ta ce, "Gishirin nan ya mutu. Daddawar ma ba wari, an cuce mu." Ni kuwa warin daddawar ya cika mini hanci. Sai na tuna kwana biyu kafin nan na ji a rediyo cewa korona takan ɗauke wa mutum jin wari da ɗanɗano. Na saki hannunta, na ja da baya.

Ina wannan rubutu ne saboda 'yarta Godiya, wadda har yanzu take ɗauke da cewa mahaifiyarta ta koma neman kodin kafin ta mutu. Daga bakina maganar ta fito, kuma ƙarya ce.

Gidan da muka zauna yana Chikaji a Zariya, bayan wasu garejoji. Wata ƙungiya ce ta kama shi don matan da aka sallamo daga asibiti bayan jinyar shaye-shaye, su zauna wasu watanni kafin a mayar da su ga iyalansu. Mu dai Gidan Jira muke ce masa. Ni daga Samaru aka kai ni, shekara biyu bayan na gama sakandare. Anti Rifkatu mutuniyar kudancin Kaduna ce, mai kitso a Unguwar Gabas, ta haura arba'in. Bayan mutuwar mijinta ta fara shan maganin tari don ta samu barci, ya zame mata abin da ya zame mana duka.

Mu goma sha ɗaya ne a ɗaki biyu, katifa tana taɓa katifa. Da aka kulle gari, 'yan garuwa suka daina shigowa layinmu, famfo kuwa dama ado ne. Sokawe ya cika, mai kwashewa bai zo ba, ruwan masai ya fara tsattsafowa ta bayan gida yana bin gindin katanga. Ga zafin bazara, ga kuɗin cizo, ga ƙudaje daga can zuwa kan kwanonmu. Akwai bokitin wanke hannu mai famfo a bakin ƙofa, amma ba a zuba masa ruwa sai in ana sa ran baƙi. A rediyo ana ta cewa a ba da tazara, mu kuma sai mu kalli juna mu yi dariya.

Akwai wata doka a gidan da ba kowa zai gane ta ba sai wanda ya zauna da irinmu. A Gidan Jira, tari ƙarya ne har sai ya tabbatar da kansa. Kowacce a cikinmu ta taɓa tsayawa gaban mai kemis ta ƙirƙiro tari don a ba ta kwalba. Saboda haka duk wadda ta fara tari, abin da ake fara zato shi ne sha'awa ce ta taso. Hukuncinta a kai ta ɗakin baya ta yi kwana uku ita kaɗai, a kuma sanar da danginta cewa ta zame. Dokar ta taimaki wasu, ba zan ɓoye ba. Amma ba wanda ya zauna ya yi tunanin me za ta zama a shekarar da tari ke kashe mutane.

Ni ce gwanar tarin ƙarya a gidan. Ina da na mura, ina da na asma, ina da wanda ke sa mai kemis ya miƙo kujera. Nakan yi musu su yi ta dariya. Anti ce ta raɗa mini Farfesa, sunan ya bi ni.

Washegarin ranar miyar ta fara tari, busasshe, daga can ƙasan ƙirji. Matar da ke kula da gidan, wadda muke ce wa Madam, ta tsaya a tsakar gida da waya a hannu. Ita ma tsoro take ji, na gani a idonta. Ta kira ni ta ce, "Jummai, ke kika san abin nan. Saurara da kyau. Na gaske ne ko na neman kwalba?"

Saura kwana shida Babana ya zo ya ɗauke ni, ranar da za a buɗe gari a yi cefane. Na san idan Madam ta kira ma'aikatan lafiya, za a garƙame gidan, ba mai fita. Na ce, "Na ƙarya ne, Madam." Ta kalli Anti, ta kalli wayar, ta ce, "Amma jikinta da zafi fa." Na ga babban yatsanta ya fara neman lamba. Sai na ji bakina yana cewa, "Jiya ta tambaye ni wane kemis ne ke buɗewa ta ƙofar baya a kullen nan."

Anti ba ta tambaye ni ba. Ba ta taɓa ba.

Anti tana zaune a kan turmi. Ba ta yi ihu ba, ba ta rantse ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To, Farfesa. Tunda ke kika ce." Ta ɗauki zanenta da Littafi Mai Tsarki ta nufi ɗakin baya da ƙafarta.

Ɗakin bayan nan sito ne a da. Ba taga, kwanon rufi ya kusa taɓa kai, kuma bangonsa ne ke jingine da sokawen da ya fashe. Ni aka sa kai mata abinci. Nakan ajiye kwanon a ƙasa in tura shi da ƙafa, na ɗaure hancina da mayafi. Kun ga ke nan na san abin da ke jikinta, domin ba a toshe hanci saboda tarin ƙarya. A rana ta biyu ta ce mini ta bayan ƙofa, "Ki ƙara ja baya, 'yata. Ki wanke hannu da toka in ba sabulu." Abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ran Lahadi ake ba mu waya mu gaisa da gida. Madam ta riga ta sanar da Godiya cewa mahaifiyarta ta zame, kamar yadda doka ta ce. Da aka kira ta don su yi magana, ta ce ba za ta karɓa ba, ta gaji. Ina tsaye na ji. Yarinya ce sa'ata, ta sha wahalar shekarun nan ita kaɗai, ba wanda zai ga laifinta. Wannan ce wayar ƙarshe da aka yi mata da ran mahaifiyarta.

A rana ta huɗu da la'asar aka buɗe ɗakin, Anti ba ta iya tashi ba. Madam ta kira lambar ma'aikatan lafiya. Mota ta zo da mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, maƙwabta suka leƙo ta katanga, aka tafi da ita. Aka ɗebi samfurinmu ta hanci, aka sa kwaɗo a ƙofar gidan. Babana ya zo ranar da ya ce, aka mayar da shi daga bakin layi. Bayan kwana biyu Madam ta tara mu ta ce Anti ta huta.

Ba ni da ilimin da zan ce da an kai ta da wuri da ta rayu. Rai na Allah ne. Abin da na sani shi ne kwana uku ta yi tana shaƙar iskar masai da huhun da ke neman iska, kuma ni na kai ta can.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Bokitan wanke hannun nan yanzu zoɓo ake sayarwa a cikinsu a bakin titi, na san wannan zai ba ta dariya. A cikin Keke mutane suna cewa ai korona ba ta zo Zariya ba, cutar manya ce ta talabijin. Gidan Jira ya zama wurin ajiye abincin kaji, an gyara sokawen saboda kaya kada su lalace. Na ji akwai wasu gidaje irinsa har yanzu, ban san yadda suke ba, ban kuma san wa ke leƙa bayansu ba. Ina jin wannan ce tambayar da za ta yi: wa ke leƙawa? Ni kuma ina nan da halina. In wani ya yi tari kusa da ni, kunnena yakan yanke hukunci kafin in hana shi.

Abin da ta bar mini yana yatsuna. Takan ce in sha'awa ta taso, kada ki zauna ki yi kokawa da ita, nemi kan wani ki kama. Haka ta kitse mu duka a gidan, ta tsefe ta sake kitsawa, har ta koya mini shuku da kalaba. Da kitson nake ci yanzu a Samaru, 'yan jami'a ne masu zuwa wurina, kuma ban sake taɓa kwalba ba. Ita wata bakwai ta yi ba ta sha ba, ta fi kowa daɗewa a cikinmu, tana ta cewa da Kirsimeti za ta zauna a bencin gaba a coci kusa da 'yarta. Wannan suna ta yi wa wahala, shi ne kuma na ɓata.

Sati biyu muka yi a kulle. Ranar da aka zo da sakamako na biyu, da hantsi ne. Wata nas ta tsaya a bakin ƙofa tana kiran suna. Uku a cikinmu an riga an tafi da su. Da ta zo kaina ta ce, "Jummai, ba ki da shi. Za ki iya tafiya gida." Na durƙusa na yi hamdala, na yi murna, murna ta gaske, ba zan yi muku ƙarya ba.

Da na fito da jakata, akwai wata yarinya a tsaye a gindin katanga da takunkumi a fuska. An miƙo mata kayan Anti a leda, an fesa musu magani. Idanun kawai na gani na gane Godiya ce, irin na mahaifiyarta ne. Ta matso kaɗan ta ce, "Sista, don Allah, ke kin zauna da ita. Da gaske Mama ta koma?"

Babana yana jira a bakin layi a kan mashin. Na ce, "Ban sani ba." Na wuce.

Tun daga ranar, Godiya, na bi ta gaban rumfarki a kasuwar Sabon Gari ban san iyaka ba, na taɓa sayen roba a hannunki ma ba ki gane ni ba. Ranar Asabar zan zo in tsaya ba takunkumi, ki faɗa mini duk abin da kika ga dama. Amma ina so ki fara karantawa a nan, inda kowa zai gani, tunda a gaban mutane na faɗi waccan.

Na sani, Godiya. Ba ta koma ba.