Kwalaben Dokta

Kafin mutanen layin su laƙaba masa Dokta, mai gyaran agogo ne. Shekara talatin ya yi a wani ɗan shago da bai wuce faɗin tabarma biyu ba, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan ƙusoshi da hantsaki. Da waya ta shigo kowa ya daina ɗaura agogo, sai sana'ar ta mutu. Da wani ne, gyaran waya zai koma. Shi kuwa ya duba ya ga ba abin da ya kai mutane yawan lalacewa a unguwar, sai ya koma kansu.

Iliminsa duka guda ɗaya ne: jikin ɗan Adam agogo ne. "Likitan asibiti hannu ɗaya yake kallo ya ce shi ne ya tsaya," in ji shi. "Ni kuwa injin gaba ɗaya nake wankewa." Saboda haka in ka zo da ciwon haƙori, sai ya tambaye ka yadda kake barci, da launin fitsarinka, da zamanka da surukarka. Daga nan ya miƙo maka kwalba. Ganye da saiwa da sassaƙe ne ya dafa a babbar tukunyar matarsa, wadda ta daɗe da haƙura da ita. Warin kaɗai ya kori kyanwar gidan. Yana rufe kowace kwalba da baƙin salatif zagaye uku, ya sa hannu a kai da jan biro. Ba ya sayarwa, kyauta yake bayarwa, abin da ya sa ƙin karɓa ya zama rashin kunya. Shi kansa bai taɓa ɗanɗanawa ba, don ko mura ba ta cika kama shi ba.

Abin alfaharinsa a duniya magana ɗaya ce, kuma yana maimaita ta ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba: "Shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce kwalbata ba ta yi aiki ba." Gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya dawo da ƙorafi kwalba ta biyu zai samu, shi ya sa kowa ke warkewa tun a bakin shago. Mai tari kan haɗiye tarinsa har ya wuce ƙofar. Mutum ɗaya ne ke dawowa neman ƙari, amininsa kafinta, wanda ya yi fama da ciwon ciki ya rasu bara. Dokta ya yi kuka sosai, ya ce lokaci ne ya yi.

Bana sai ciwo ya zo kansa. Ƙishirwa ba dare ba rana, ga wani ɗan gyambo a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa, har ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga takalmi.

"Malam, mu je asibiti," in ji matarsa.

"In shiga asibiti, sannan da wane ido zan kalli mutanen da na hana zuwa?"

Tsayuwa gaban tukunya ta gagare shi, sai ya aike ta ta bi maƙwabta, ko akwai wanda ya rage ɗan kaɗan a gindin kwalba. Bai sa rai ba, don ya san maganinsa ba ya kwana.

Da hantsi maƙwabtan suka fara sallama. Tela ta zo da kwalba huɗu. Direban tasi ya zo da kwando guda. Mai shagon kan kwana sai da ya yi sawu biyu. Aka jera su a tsakiyar ɗaki, Dokta na zaune a kan katifa yana kallo. Kowace kwalba cike take har wuya, salatif zagaye uku, ga sa hannunsa ja ba wanda ya taɓa shi.

"Ai ni, Baba Dokta, kallonta kawai na yi na ji sauƙi," in ji direban.

"Ni ajiyewa na yi sai ciwo mai dalili ya zo," in ji tela, idonta a ƙasa.

Ya juya wajen matarsa, yana neman mai tsaya masa. Ta durƙusa, ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Tara ne nata. A samansu ga katin asibiti da ya tsufa har ya yi laushi.

"Shekara shida ina karɓar maganin hawan jini," ta ce. "Duk ranar da na ce maka na je gidan Yaya, asibiti na je."

Haushi ya kama shi, har ya fara shirya musu wa'azi a kan butulci. Amma a ƙasan haushin, abin kunya, wani sanyi ya ji a ransa: ga su nan duka da ransu da lafiyarsu.

Ana cikin haka matar marigayi kafinta ta yi sallama, da buhu a hannu yana ƙara. Ta gaishe shi da jiki, ta zazzage buhun a hankali. Kwalabe ne sun fi ashirin, babu komai a ciki, an wanke su tas.

"Ka yi haƙuri, Dokta, ni ban samo maka ko ɗigo ba," ta ce. "Abokinka ba ya ragewa. Ko da na roƙe shi mu je asibiti, cewa yake yi kai ka ce a jira injin ya gama wankuwa. Na ce bari in kawo maka kwalaben, ko za ka sake zubawa."

Dokta ya ɗauki ɗaya, ya ga guntun salatif a wuyanta da rabin sa hannunsa. Ya daɗe yana jujjuya ta.

"Wace rana likitan naki yake zama?" ya tambayi matarsa.

"Kullum yana nan, Malam. Bara ma yana nan."