Tayar Gaba ta Hagu

Shekara ashirin da biyar ke nan cif. Ranar Asabar ce, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Ina zaune a rumfata ta faci a Ƙofar Kwaya, mutane sun kewaye rediyo ana jin rantsuwa, sai wani direba da na sani ya tsaya a bakin rumfar. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya sake tambayar gida. Da ya koma kan gaisuwar karo na uku na ajiye guduma. Ya ce an yi haɗari kafin Kankiya, wata ƙaramar mota ta fashe taya ta kife. Ban tambaye shi wace taya ce ba. Na riga na sani.

Wanda ke cikin motar ɗana ne na fari, malamin kimiyya a makarantar sakandare. Ni karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka masu karatu su yi mani haƙuri idan na kasa fayyace abin da ya sa a gaba.

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama ya yi hira da shi. Haka na taso na gani, haka na yi. Idan ina da magana da shi, ƙanena Sani nake gaya wa, in ce, ka gaya wa ɗanka. Shi ma idan yana son in ji wani abu, sai ya zauna a zaure ya gaya wa Sani da ɗan ƙarfi, ni kuwa in sunkuyar da kai kamar aikina kawai nake yi.

Ta haka na ji zancen ramin. Wata rana yaron ya ɗauki tsohuwar robar cikin taya ya yanke ta, ta zama mai baki biyu. Ya ce masana lissafi suna ganin za a iya samun irin wannan rami a sararin samaniya, mai haɗa wurare biyu masu nisa. Idan aka ɗauki baki ɗaya aka yi tafiya da shi da gudun da ya kusa na haske, aka dawo da shi, lokacinsa zai yi baya da na ɗayan. Sai ka jefa takarda ta wannan baki yau, ta fito ta wancan jiya. Sani ya yi dariya ya ce to a aika masa labarin wanda zai ci zaɓe. Yaron ya ce a takarda kawai abin yake, ba wanda ya taɓa ganinsa, kuma gaibu na Allah ne. Sannan ya ƙara wani sharaɗi da ban manta ba: saƙon ba zai iya wuce ranar da aka buɗe ramin ba. Abin da ya faru kafin a buɗe ƙofar, ba a isa gare shi.

Ranar Juma'a, ana gobe rantsuwa, bayan la'asar yaron ya zo sallama. Zai kai rubutunsa Kano wurin wani malamin jami'a, ya ari motar abokinsa. Ya ajiye ta a ƙofar gida ya shiga wurin mahaifiyarsa. Shekara talatin ina taɓa taya. Kallo ɗaya na yi wa ta gaba ta hagu na ga kumburi a gefenta. Na sa hannu, na ji wayar cikin tayar ta fito.

Na kira Sani na ce ya gaya wa ɗansa tayar nan ba za ta kai shi Kano ba, ya kawo in canza.

Ya ce, “Yaya, ga shi nan fa cikin gida. Taku goma ne. Ka faɗa mashi mana.”

Na ce, “Ni?”

Sani ya tafi masallaci yana dariya, ya ce zai same shi da safe. Yaron ya fito, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon ƙasa. Ya buɗe mota. Ya ɗan daɗe kafin ta tashi, kuma duk tsawon lokacin ina tsaye, maganar tana bakina. Da safe Sani ya bi jama'a zuwa kallon rantsar da sabon gwamna, a zatonsa sai bayan azahar za a yi tafiyar. Shi kuwa yaron ya tashi tun hantsi, don ya ga hanya babu motoci.

Malamai sun yi mani nasiha, sun ce ajali ne, kuma na yarda. Ban taɓa ɗora wa Sani laifi ba har ya koma ga Allah. Amma yarda da ƙaddara ba ta goge abin da hannuna ya taɓa ba.

Nakan tambayi kaina me ɗan nawa zai ce da ya ga yau. Farar hular da aka yi ta murna da su har yanzu suna kan mulki, makarantarsa kuwa ɗakin gwajin da ya yi ta roƙo a gyara ya zama wurin ajiye karyayyun kujeru. Ina jin abin da zai fi ba shi dariya shi ne waya a aljihuna, saƙo na zuwa daga Makka kafin in rufe ido. Saƙo ya yi sauri, amma duk gaba yake tafiya.

Ya bar ɗiya ɗaya, Hauwa, tana goye lokacin. Yanzu ita ma kimiyya take koyarwa, kuma littattafansa suna wurinta. Ita ce ta farko a wurinsa, ita ce kuma nake zama in yi hira da ita har a yi ta yi mani tsiya. Na gaya wa sauran 'ya'yana cewa duk wanda ya ga abin da zai cuci ɗansa ya buɗe baki da kansa. Wannan shi ne abin da ya rage nasa a gidan nan, ban da littattafan.

Kwanan baya Hauwa ta tambaye ni, da a ce ramin gaskiya ne, me zan aika. Na ce mata ko an gina shi gobe ba zai kai can ba, ubanta da kansa ya faɗa. Ƙofar da za a buɗe tsakanina da shi, ni ne ya kamata in buɗe ta, ina da shekara ashirin da takwas da zan yi hakan.

Ita ta ce in sa sunansa a saman wannan rubutu. Na ɗauki biro na ajiye. Allah Ya jiƙansa. Har yau ban kira sunan ba, kuma ban gaya masa maganar tayar ba.